Harmony, Panorama ko MaterniT21: wanne mai ciki za ta biya wa kuɗi bayan duk shari'o'in nan?

Ƙanwata da ke aure a Ingila ta turo min saƙon murya wani dare, muryarta a sanyaye. Shekararta 38, cikinta na huɗu, yana sati na 13. An yi mata hoton ciki da gwajin jinin da ake yi wa kowace mai juna biyu a can, sakamako ya nuna cewa yiwuwar larurar Down a cikin nata ɗaya ce cikin 180. Da ɗaya cikin 150 aka rubuta, ko abin da ya fi haka tsanani, da hukumar lafiyarsu ta NHS ta yi mata gwaji na gaba, na jini mai duba DNA ɗin ɗan tayi, kyauta, kamar yadda take yi tun watan Yunin 2021. To ita ba ta kai ba, hankalinta kuma ya ƙi kwanciya. Sai dai asibitin kuɗi.

"Yaya, sun jero min sunaye," in ji ta. "Ga Harmony, ga Panorama, ga wani da ban ma iya faɗa ba. Abban yara ya duba intanet ya ga wai kotu ta ci masu Harmony tarar miliyoyin daloli a Amurka, ya ce kada mu kusanci nasu. Don Allah ki duba min."

Na duba. Maigidanta bai yi ƙarya ba. A Janairun 2018 wata kotu a Kalifoniya ta ce kamfanin Ariosa, mai Harmony, ya biya kamfanin Illumina diyyar dala miliyan 26.7. A fassarar ce ya kauce hanya. Duk alƙalan da suka zauna kan waɗannan shari'o'i, babu wanda aka tambaya gwajin wane ne ya fi faɗin gaskiyar abin da ke cikin mahaifa. Abin da ke gabansu shi ne wa ya riga wa, kuma wa zai biya wa. In za a guji duk kamfanin da kotu ta taɓa kayarwa a wannan fage, kusan ba wanda zai saura a kasuwa.

Amma ba zan ce labarin shari'ar ba shi da amfani ga mai zaɓe ba. Shi ne ya bayyana dalilin da ya sa jini ɗaya ake karanta shi ta hanyoyi huɗu, da dalilin da ya sa sunaye da yawa a takardar asibiti, in an tona, injin ɗaya ne a ƙarƙashinsu.

Ruwan da ake zubarwa

Idan aka ɗebi jini a kwalba aka wulwula shi a inji, jajayen ƙwayoyi sukan kwanta a ƙasa, wani ruwa fatsi-fatsi ya taso sama. Shekaru da dama masu neman hanyar duba ɗan tayi ba tare da an soka wa uwa allura a ciki ba, ƙwayoyin ƙasan suke tonawa, suna farautar 'yan ƙwayoyin tayi da suka ɓallo suka shiga jinin uwa. Ruwan saman kuwa a zubar. Dennis Lo, likita ɗan Hong Kong da ke aiki a Jami'ar Oxford, da abokin aikinsa James Wainscoat, sai suka juya ga abin da ake zubarwa. Suka tafasa ruwan jinin mata 30 masu ɗauke da cikin ɗa namiji, suka nemi alamar kuromosom Y, ɗaya daga cikin ƙunshin DNA da ake gada, wanda mace ba ta da shi. Suka same ta a 24. Mujallar Lancet ta buga wannan a 1997.

Gutsattsarin DNA ɗin da suka gani daga mabiyiya suke fitowa, ba daga jikin jaririn kai tsaye ba. A riƙe wannan, don za mu dawo kansa. A wajen sati na 10, kusan kashi 10 cikin ɗari na DNA ɗin da ke yawo a ruwan jinin mai ciki na mabiyiya ne, sauran na uwar.

Oxford ta yi rajistar mallakar dabarar. Takardar mallakar fasaha yarjejeniya ce tsakanin gwamnati da mai ƙirƙira: ka bayyana wa duniya yadda abinka yake aiki, mu kuma mu hana kowa amfani da shi shekara 20 sai da izininka. Amurka ta ba da tata, mai lamba 6,258,540, a 2001, kuma a 2005 kamfanin Sequenom na San Diego ya karɓi lasisinta shi kaɗai.

Gano Y abu ne mai sauƙi, tunda uwa ba ta da shi. Larurar Down kuwa ta fi wuya. Ita larurar, wadda wasu ke kira galahanga duk da cewa ana jingina kalmar ga larurori daban-daban, tana zuwa ne idan kuromosom na 21 ya zama uku maimakon biyu. Uwa ma tana da na 21 ɗinta, kuma nata ya rinjayi na ɗan a cikin kwalbar. Dole sai an ƙirga. A 2008 rukuni biyu suka nuna yadda za a ƙirga da injinan karanta DNA masu sauri: na Stephen Quake a Jami'ar Stanford, da na Lo, wanda a lokacin ya koma Hong Kong. Mujalla ɗaya ta buga su, wata biyu tsakani. Jami'o'in biyu sun kwashe shekaru suna ja-in-ja kan wanda ya riga. Dabarar Quake ta tafi hannun kamfanin Verinata, ta Lo ta tafi hannun Sequenom.

Daga nan sai kasuwa ta buɗe. Sequenom ya fito da MaterniT21 a Oktoban 2011, farashinsa na takarda kusan dala 1,900. Verinata ya biyo da verifi a farkon 2012, Ariosa ya fito da Harmony a shekarar a kan dala 795, Natera ya rufe da Panorama a 2013. Dukkansu a jihar Kalifoniya suke a lokacin. Kafin ma wasu su sayar da gwaji ko ɗaya, an riga an fara maka juna a kotu.

Hanyoyi huɗu na karanta kwalba ɗaya

Hanya ta farko ita ce ƙirga komai. A nan MaterniT21 da verifi suke, da NIFTY na kamfanin BGI na ƙasar Sin, da IONA na Ingila. A ɗauka an gauraya hatsi iri-iri a buhu ɗaya. Ka ɗebi miliyoyin tsaba, ka ware kowace zuwa kwanonta, sannan ka duba ko kwano na 21 ya ɗan fi yadda aka saba cika. "Ɗan fi" ɗin nan ƙanƙane ne ƙwarai. In rabon tayi kashi 10 ne cikin ɗari, kuma yana da larurar, kwanon zai ƙaru da kashi 5 kacal. In rabon kashi 4 ne, ƙarin kashi 2 ne. Shi ya sa dakunan gwaji da yawa suke ɗaukar kashi 4 a matsayin iyaka, ƙasa da haka su ce ba su ga isasshe ba.

Ƙarfin wannan hanya shi ne ba ta cika dawowa hannu rabbana ba, kuma ba ruwanta da ko uwa da uba 'yan uwa ne, ko ƙwan na wata ne aka dasa. Tana kuma iya leƙa dukkan kuromosom ɗin. Wannan na ƙarshe alheri ne mai tafe da wahalarsa. Tana iya ganin wani baƙon abu a kuromosom na 7 ko na 16, wanda sau da yawa a mabiyiya kawai ya tsaya, jariri lafiya lau, amma uwa ta riga ta rasa barcin sati uku. A wasu lokuta ƙalilan ma abin da ta gani ciwon daji ne a jikin uwar da ba a sani ba. Likitoci sun ba da rahoton hakan tun 2013. Wadda take son jin duk abin da za a iya ji, wannan ce hanyarta. Wadda tambayarta ɗaya ce, ta ce a tsaya mata a kan 21 da 18 da 13, wato larurar Down da wasu biyu irinta, inda na 18 ko na 13 ne ke zama uku.

Hanya ta biyu ta Harmony ce. Maimakon a zazzage buhun duka, sai a zaɓi wasu wurare a kan kuromosom ɗin da ake so, a ƙirga su kaɗai. Aiki ya ragu, kuɗi ya ragu, abin da ya sa ya shigo kasuwa da araha ke nan. Da farko a kan injinan Illumina Ariosa yake karanta samfurinsa. Sai Illumina ya sayi Verinata a farkon 2013 a kan dala miliyan 350, da alkawarin ƙarin miliyan 100 in kasuwa ta yi kyau. Ka ga mai sayar maka da inji ya koma kishiyarka. A 2014 Illumina ya maka Ariosa a kotu, a ƙarshen shekarar kamfanin Roche na Suwizalan ya sanar da sayen Ariosa, Harmony kuma ya bar injin karatu ya koma kan wani ɗan faranti mai kama gutsattsarin DNA. Ni a ganina wannan ƙaura ba ta rasa nasaba da neman tsira daga hannun kishiya.

Abin da Harmony yake da shi na tunƙaho shi ne binciken da aka buga a 2015 a mujallar likitanci ta New England, kan mata 15,841 na kowane shekaru. A cikinsu 38 suna ɗauke da cikin mai larurar Down. Gwajin DNA ya gano 38 ɗin duka, tsohon gwaji na hoto da jini ya gano 30. Inda tazarar ta fi fitowa shi ne a tayar da hankalin banza: tsohon gwaji ya tsorata mata fiye da 5 cikin kowace 100 ba gaira ba dalili, sabon kuwa 6 cikin 10,000. Ga kamfanin da aka ci tara, ga kuma shaidarsa. Ba su da haɗi da juna.

Hanya ta uku, ta Panorama, daban take tun daga tushe, kuma a kanta zan fi daɗewa, don ta taɓa mu. Ita ba ƙirgen tsaba take yi ba. Akwai dubban wurare a DNA inda harafi ɗaya yake bambanta tsakanin mutum da mutum. Panorama yana duba fiye da 10,000 na irin waɗannan wurare, ya ware muryar uwa daga muryar ɗa, sannan ya tambaya: wannan sautin ya fi kama da na kuromosom biyu ko na uku? Saboda yana rarrabe nata da nasa, yana ganin abin da masu ƙirge ba sa gani. Yana gane cikin da kowane kuromosom ɗinsa ya zo uku-uku. Yana iya nuna alamar cewa da tagwaye ne ɗaya ya koma, wanda ragowar DNA ɗinsa kan rikita sauran gwaje-gwaje. In tagwaye ne yana faɗin ko daga ƙwai ɗaya suke. Ana kuma fara shi tun sati na 9.

Rauninsa daga wurin ƙarfinsa yake fitowa. Dabarar tana cin abinci ne daga bambancin da ke tsakanin uwa da abin da ɗa ya gado daga uba. To idan uwa da uba 'ya'yan wa da ƙani ne, ko 'yar mace da ɗan namiji, ko kuma ita uwar iyayenta ne suka yi auren zumunci, bambancin yakan ragu, wani lokaci har gwajin ya dawo da cewa bai iya yanke komai ba. Ba kullum ba ne, amma yana cikin dalilan da aka sani. A gidajenmu da auren zumunci ya zama ruwan dare, wannan tambaya ce da ya kamata a yi kafin a miƙa hannu. Ƙanwata da mijinta kakarsu ɗaya. Ma'aikaciyar asibitin ba ta tambaye ta ba, ita ma ba ta san abin faɗa ba ne.

Ta huɗu Vanadis ce, wadda aka ƙirƙiro a Suwidin, kamfanin PerkinElmer ya saya a 2016. Ba ta karanta DNA ma sam. Tana mayar da gutsattsarin 'yan ƙwallaye masu sheƙi ne, kyamara ta ƙirga. Ta tsaya kan 21 da 18 da 13 da jinsi, ɗakin gwaji ƙarami ma zai iya sarrafa ta.

To wanne ya fi? In larurar Down ce tambayar, kuma cikin ɗa ɗaya ne, duk kanwar ja ce. Dukkansu suna gano kusan 99 cikin 100, ƙaryar tsoratarwarsu kuma ba ta wuce kusan ɗaya cikin 1,000 ba. A kan 18 sun ɗan sauka, a kan 13 sun fi sauka. Duk wanda ya nuna miki 99.9 a takardarsa yana cewa na maƙwabcinsa 99.3 ne, mata daban aka gwada, a wurare daban, ba awo ɗaya ba ne.

Abin da kotuna suka yi da takardar Lo

A Oktoban 2013 mai shari'a Susan Illston a San Faransisko ta soke takardar 6,258,540. Hujjarta ita ce, kasancewar DNA ɗin tayi a jinin uwa halitta ce, ba wanda ya ƙirƙira, dabarun da Lo ya bi ya gano shi kuma tsofaffi ne da kowa ya sani. Ta dogara ne da hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na 2012 a shari'ar Mayo da Prometheus, wanda ya ce ba a mallakar dokar halitta don kawai an ɗora mata matakan da aka saba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a Yunin 2015. Ɗaya daga cikin alƙalan, Richard Linn, ya rubuta ra'ayinsa daban, inda ya nuna cewa aikin ya cancanci kariya amma faɗin hukuncin Mayo ya ɗaure masa hannu. Kotun Ƙoli ta ƙi sauraron ƙarar a Yunin 2016. A shekarar kamfanin gwaje-gwaje na LabCorp ya saye Sequenom.

Takarda ɗaya, wata ƙasa, wani hukunci. A Landan, a Nuwamban 2017, mai shari'a Henry Carr ya yi watsi da hujjar cewa abin ganowa ne kawai, ya ce gwajin IONA na kamfanin Premaitha da ke Manchesta ya shiga gonar Illumina da Sequenom, haka ma wani sashe na Harmony. A Ostireliya mai shari'a Jonathan Beach ya bi wannan layi a 2019, cikakkiyar kotun tarayya ta tabbatar a 2021 cewa dabarar abin mallaka ce, alhali wa'adin takardar ya riga ya ƙare tun 2018. Sai dai kotun ta ƙara da wani abu mai ban sha'awa: jinin da aka aika Amurka aka gwada a can, aka dawo da sakamako kawai, bai keta takardar Ostireliya ba. Takardar mallaka iyakarta iyakar ƙasar da ta ba da ita.

Ni dai, a zuciyata, ina ganin an ɗan ci zalin Lo a Amurka. Mutum ya duba inda kowa ke zubarwa ya ga zinariya, a ce masa ai zinariyar tana nan tun fil'azal. Amma in na tsaya a wurin mai ciki, hukuncin Illston ne ya bar kamfanoni huɗu a fili suna gasa maimakon ɗaya ya kama bakin rijiya. Lo ma bai tashi a tutar babu ba: ya karɓi lambar yabo ta binciken likitanci ta Lasker a 2022, kuma tun farkon 2025 shi ne shugaban jami'arsa ta Hong Kong.

Ga abin da ya shafi takardar sunayen da aka miƙa wa ƙanwata. A Disamban 2014 Illumina da Sequenom suka yi sulhu, suka zuba takardunsu a tukunya ɗaya, Illumina ya biya dala miliyan 50 nan take, ya kuma zama mai ba wasu lasisi, ana biyan kuɗi a kan kowane gwaji. Premaitha, bayan ya sha kaye, ya yi sulhu a 2018, ya canza suna zuwa Yourgene, ya ƙaura da gwajinsa daga injin wani kamfani zuwa na Illumina. Natera ma ya yi nasa sulhun da Illumina a 2020. Sakamakon haka, dakunan gwaji da yawa a ƙasashe daban-daban suna sayen kayan aikin Illumina su laƙaba wa gwajin sunansu. Sunaye uku a takarda, farashi uku, wataƙila hanya ɗaya. Tambayar da za a yi wa asibiti ita ce: wane ɗakin gwaji ne, a wace ƙasa, da wace hanya cikin huɗun nan?

Tsugune ba ta ƙare da mutuwar takardar farko ba. A Maris 2020 kotun ɗaukaka ƙarar da ta kashe takardar Lo ta raya wasu takardu biyu na Illumina, waɗanda suka ginu a kan cewa gutsattsarin tayi sun fi na uwa gajarta, don haka ana iya tace su ta tsawo. Kotun ta ce wannan haɗa wani sabon abu ne, ba ganowa kawai ba. Sai kuma wani ƙaramin kamfani a jihar Maryland mai suna Ravgen, wanda ya ce shi ya fara dabarar zuba sinadari a kwalba don hana ƙwayoyin jinin uwa fashewa. A Satumban 2022 kotu a Teksas ta ce LabCorp ya biya shi dala miliyan 272.5, a Janairun 2024 kuma Natera ya biya miliyan 57. Ka ga masu MaterniT21 da masu Panorama su ma sun sha tasu tarar. Da na karanta wa maigidan ƙanwata wannan sai ya yi dariya ya ce, "To Yaya, ashe ba mai tsarki."

Maganar kwalbar nan ba ta lauyoyi kaɗai ba ce. Idan ƙwayoyin uwa suka fashe a hanya, DNA ɗinta yakan malalo ya shanye ɗan rabon tayin. Mai ciki a Kano ko Yamai da za a ɗebi jininta a aika wata ƙasa, wannan shi ne abin da ya fi sunan kamfani muhimmanci a gare ta: wace irin kwalba ce, kwana nawa za ta yi a hanya, a wane zafi za a ajiye ta, kuma in gwajin ya ƙi fitowa wa zai biya na biyu? Takardar sakamako ta gari tana rubuta rabon tayi da lamba. In babu wannan layi, a tambayi dalili. Jiki mai nauyi da yin gwajin da wuri su ma suna rage rabon. Kuma "babu sakamako" ba daidai yake da "lafiya lau" ba. A cikin matan da gwajinsu ya ƙi fitowa, masu ɗauke da larurar kuromosom sun ɗan fi yawa, don haka sai an koma wurin likita.

Ƙarin da ake tallatawa

Da takardu suka fara mutuwa, gwajin asali kuma ya zama kusan iri ɗaya, sai gasar ta koma kan wa ya fi tsawon jeri. Aka fara ƙara larurorin da ɗan guntun kuromosom ne ya ɓace, wasunsu sai an haifi dubbai kafin a ga ɗaya. A nan lissafi yake juya wa mai saye baya. Ga misali da lambobi zagayayyu. Mata 10,000, larura tana samun ɗaya cikin 100, gwaji yana ƙaryar tsoratarwa sau ɗaya cikin 1,000: za a kira kusan 110, ɗari daga cikinsu gaskiya ne. Mata 10,000 ɗin dai, gwajin dai, amma larurar ɗaya ce cikin 1,000: za a kira 20, rabi ƙarya. In larurar ɗaya ce cikin 10,000, za a kira 11, goma ba komai. Gwajin bai lalace ba, ƙarancin larurar ne ya cinye shi. Jaridar New York Times ta bincika a Janairun 2022 ta ce a irin waɗannan larurori da ba a cika gani ba, sakamakon da ya ce akwai matsala yakan zama kuskure kusan sau 85 cikin 100. A Afrilun shekarar hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi cewa kada a yanke wata shawara kan ciki da wannan gwaji kaɗai. Ni ba zan biya wa ƙarin nan kuɗi ba, sai in hoton ciki ya nuna wani abu ko akwai tarihi a dangi, kuma a wannan halin ma allura ta fi dacewa.

Wannan lissafi ya shafi larurar Down ma. "Akwai yiwuwa mai yawa" a takardar 'yar shekara 25 da a takardar 'yar shekara 40 ba nauyi ɗaya ba ne.

Zaɓin da ya fi na sunaye girma

Duk huɗun nan gwajin tantancewa ne, yiwuwa kawai suke faɗa. Mai yanke magana allura ce, iri biyu. Ko a tsinko ɗan naman mabiyiya tsakanin sati na 11 da na 14, ko a zuƙo ruwan da jariri ke kwance a ciki daga sati na 15. Haɗarin ɓari, a faɗar NHS, bai wuce ɗaya cikin 200 ba. A tuna gwajin jini mabiyiya yake karantawa, ita kuwa mabiyiya wani lokaci tana ɗauke da abin da jaririn ba shi da shi. Saboda haka in jini ya nuna 13, ko rashin ɗaya daga kuromosom X biyu na mace, hoton ciki kuma bai nuna komai ba, likitoci da yawa sun fi son a jira a zuƙo ruwa, kada a sake tambayar shaidan da aka riga aka tambaya. In kuwa tun farko hoto ya nuna kumburi mai yawa a ƙeyar tayi ko matsala a zuciya, biyan kuɗin gwajin jini ɓata sati biyu ne. A wuce kai tsaye.

Sai sikila, wadda a wurinmu ta fi duk waɗannan yawa nesa ba kusa ba. Na ga masu zaton cewa gwajin da ya kai wannan tsada ai dole ya duba ta. Gwajin kuromosom na yau da kullum, ko wane suna ke jikinsa, ba ya ganin sikila. Dalilin ma yana cikin takardar Lo: abin da ta ƙunsa shi ne gano abin da ɗa ya gado daga uba wanda uwa ba ta da shi. In uwa AS ce uba AS ne, S ɗin da ake nema yana cike da jinin uwar, sai an auna ɗan rinjaye ƙanƙane a wuri guda. Kamfanin BillionToOne na Amurka ya fito da gwajin UNITY a 2019 mai yin hakan, amma shi ma yiwuwa yake faɗa. Ma'aurata AS da AS, masu ɗaya cikin huɗu a kowane ciki, da suke son tabbas, naman mabiyiya ne amsarsu, kuma Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Idi-Araba a Legas ta daɗe tana wannan aiki.

Akwai mai cewa, "To in an sani sai me? Mu ba ma zubar da ciki." Tambaya ce mai kyau, kuma wadda ta ce ba ta son sani ba ta yi laifi ba. Amma kusan rabin jariran da ke da larurar Down suna zuwa da matsalar zuciya. Sani yana nufin a yi hoton zuciyar tun a ciki, a zaɓi asibitin haihuwa mai likitan jarirai, a shirya wa kaka da sauran yara. Farashi kuwa siyasa ce fiye da kimiyya: Beljiyam tana biya wa kowace mai ciki tun Yulin 2017, a lokacin mace ta cika yuro 8.68, Holan ta mayar da shi kyauta a Afrilun 2023, alhali a wasu wurare albashin wata ne.

Abin da na faɗa wa ƙanwata bai yi tsawo ba. Hotonta lafiya yake, ciki ɗaya ne, tambayarta ɗaya, don haka gwajin jini ya ishe ta a yanzu. Saboda zumuncinta da mijinta na ce ta bar Panorama, ba don ya gaza ba, sai don kada ta jira kwana goma a ce mata a sake. Tsakanin Harmony da mai ƙirga komai na ce ta ɗauki wanda asibitin zai rubuta mata rabon tayi, ya sake ɗiban jini kyauta in ya ƙi, kuma ya haɗa ta da mutum mai bayani in sakamakon ya zo da nauyi, ba saƙon imel ba. Ƙarin jerin larurori kuwa ta ce ba ta so.

Ta kira ni daga motar haya bayan an ɗeba. Kwalba biyu ne, in ji ta, ma'aikaciyar ta yi ta jujjuya su a hankali sama da ƙasa kafin ta sa a kwali. A fom ɗin akwai wani ɗan gida na ko tana son a faɗa mata namiji ne ko mace. Ita ta bar shi fayau, Abban yara ya karɓi biron ya ce bari ya ƙara duba adireshin.